Daga Gobarau Zuwa Kusugu: Kwana Biyu a Hannun Masu Shirya Yawon Buɗe Ido a Katsina

A hutun ƙarshen shekarar da ta gabata ƙanena da ke aiki a Legas ya zo gida da 'ya'yansa biyu, waɗanda a can aka haife su, suka kuma tashi suna jin sunan rijiyar Kusugu da hasumiyar Gobarau a bakin mahaifinsu ba tare da sun taɓa sa su a ido ba. Shi ne ya nuna mini tallar wasu matasa da suka buɗe ɗan kamfanin yawon buɗe ido a cikin birnin Katsina, suna ɗaukar mutane a bas su zagaya da su wuraren tarihi da madatsun ruwa da abin da suka kira bakin hamada, daga Katsina har Daura, a cikin kwana biyu. Na shafe shekaru ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, kuma yawancin wuraren nan na san su, amma ban taɓa bin su a jere a hannun wanda ya ɗauki abin sana'a ba, saboda haka na amince muka biya, mu biyar har da ɗiyata. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin akwai gyaran da zan yi musu a bainar jama'a, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ofishinsu ɗaki ɗaya ne, kuma kusan dukan cinikin a WhatsApp ake yin sa. Kuɗin da suka karɓa a kan kowane mutum ya ƙunshi mota da masaukin dare ɗaya a Daura da abinci da abin da ake bayarwa a ƙofar wuraren da ake shiga, kuma idan aka yi la'akari da tsadar man fetur a yanzu ba zan ce sun tsawwala ba. Sun ce mu hallara da ƙarfe bakwai na safiyar Asabar. Mun hallara, cikin sanyin hunturu da hazon da ya rufe gari, amma bas ɗin ba ta iso ba sai kusan takwas da rabi, kuma babu wanda ya kira ya ba mu haƙuri kafin nan. Wannan jinkirin shi ya yi ta bin mu har dare, kamar yadda zan bayyana a gaba.

Abin da ya fara wanke mini zuciya shi ne jagoran da suka haɗa mu da shi, wani matashi da ya karanta tarihi a jami'a, mai ladabi da sanyin murya. A gindin hasumiyar Gobarau muka fara tsayawa, kuma tun a nan na gane cewa ba irin masu haddace labari ba ne su zazzage wa baƙo shi kamar karatun allo. Ya ce mana tsawon hasumiyar kamar mita 15 ne, an gina ta da tubali da ƙasa, kuma ana danganta asalinta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka shi ne sarkin Katsina Musulmi na farko, a wajajen ƙarni na 15, lokacin da malamai irin su Shaihu Al-Maghili suka ratso ƙasar Hausa. Sa'an nan ya kawo labarin nan da kowane Bakatsine ya ji tun yana yaro, na gardamar da aka yi a kan alƙibla, da malamin da aka ce ya nuna gabas da sandarsa har mutane suka hango Ka'aba. Da ya gama sai ya ce: "Wannan na biyun labarin baka ne, haka muka gada daga kakanni, amma ban san wata takarda ta wancan zamani da ta tabbatar da shi ba." Ɗan ƙanena mai shekara goma sha biyu ya tambaye shi ko ke nan ƙarya ne. Jagoran ya durƙusa daidai tsayinsa ya ce masa labarin baka yana gaya mana abin da mutanen gari suka ɗauka da muhimmanci, kuma mutanen da suka yi gardama a kan alƙibla har ta zama labarin da ake ba jikoki, mutane ne da ilimi ya dama. Ni da nake malami na san wuyar ba yaro irin wannan amsa ba tare da an rushe masa labarin ba, ba kuma tare da an ruɗe shi ba.

Mun hau matakalar ɗaya bayan ɗaya, domin ƙunci gare ta, kuma ƙasar ta sulɓe a wasu wurare saboda yawan tafin ƙafa. Wanda yake da ciwon gwiwa ko tsoron bisa gara ya tsaya a ƙasa. Daga sama, duk da hazo, ana ganin rufin kwano ya mamaye inda a da soraye ne, ana kuma hango ɓangaren Gidan Korau, fadar Sarkin Katsina. Na sa hannu a jikin ginin na ji kaushin yaɓen da ake sabuntawa, har ana ganin sawun yatsun maginin da ya shafe shi. Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da hannun mutum a kansa kowace shekara bayan damina, kuma duk wanda ya ga abin da ya rage na ganuwar Katsina ya san abin da ke faruwa idan hannun ya janye. Jagoran ya tuna mana cewa Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Katsina a 1851 ya kuma yi mamakin faɗin ganuwar, alhali yau sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga guntun da ya tsira daga masu ɗibar ƙasa da masu gina shaguna. Mun bi ta Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga da Ƙofar 'Yanɗaka, wadda ta nan Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya shigo garin a 1903, amma duk a cikin mota, saboda lokacin da aka ɓata da safe.

A tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 kuma yanzu take gidan adana kayan tarihi, ba mu yi fiye da rabin sa'a ba. Nan ne Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu kafin makarantar ta koma Kaduna a 1938, daga baya kuma Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Wuri ne da ya cancanci sa'a biyu, ko don yara su ɗaga kai su ga yadda aka ɗaure rufin da azara, su ji sanyin ɗakin ƙasa da tsakar rana ba tare da fanka ba. An yi ta hanzarta mu, ni kuwa ban ji daɗin hakan ba.

Inda tafiyar ta biya kuɗinta, a ganina, shi ne Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani, gabas da Katsina. Mutane da yawa a birni sun san sarautar Durɓin Katsina, hakimin Mani, amma kaɗan ne suka taɓa taka wurin da ake cewa nan ne makwancin sarakunan Durɓawa, waɗanda suka yi mulki kafin Korau ya kayar da Sanau a kokawa ya karɓi sarauta, kamar yadda labarin baka ya zo. Wanda ya je yana tsammanin gini zai sha mamaki, domin abin da ke wurin tuddai ne na ƙasa a tsakiyar gonaki, da kukoki masu kauri, da karan dawa da aka riga aka girbe. Idan babu mai bayani, sai mutum ya wuce su yana zaton jigawa ce kawai. Jagoran ya zaunar da mu a inuwa ya gaya mana cewa an fara tona wasu daga cikin tuddan a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, a ƙarƙashin Baturen mulki Palmer, aka kuma sake tonawa a farkon shekarun 1990 tare da masana daga Jamus. An sami gawarwaki da aka binne da kayan ado na hauren giwa da na ƙarfe da zinariya, da duwatsun wuya, da wuri irin na kuɗin da, da tasoshin da aka ƙera a ƙasashe masu nisa. Ya ɗebi ƙasa a tafin hannunsa ya ce wa yaran su yi tunani: wuri daga teku yake fitowa, Katsina kuwa ba ta da teku, to ta yaya ya iso nan ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa? Daga wannan tambaya ya ja su har zuwa ayarin raƙuma da hanyar Agadas da fataucin da ya mai da Katsina babbar kasuwa a bakin Sahara. Ɗiyata, wadda take aji biyar a sakandare, ta ce mini a mota ba ta taɓa fahimtar abin da ake nufi da cinikin ƙetare hamada ba sai a ranar, duk da cewa ta rubuta shi a jarrabawa.

Wani dattijo da gonarsa take kusa ya zo ya gaishe mu, jagoran ya rusuna ya ce, "Baba, ina wuni, mun sake kawo baƙi." Dattijon ya ce, "Madalla, ɗana, ku dai riƙa zuwa, wurin da ake zuwa ba ya mutuwa." Na lura jagoran ya ba shi ɗan abin goro daga aljihun kamfani, ya kuma hana yaran hawa kan tuddan, yana cewa kabari ne ko da na wane zamani ne. Wannan ladabi ga wuri da mutanen wuri abu ne da ba a rubuta shi a talla, amma shi ne ya sa na amince da su. Abin takaici shi ne babu wata inuwa da aka tanada, babu makewayi, babu cikakken allon bayani da zai wadatar da wanda ya zo shi kaɗai, kuma wannan ba laifin masu yawon ba ne.

Daga nan ne wahalar ranar ta fara. Abincin rana, wanda aka ce za a ci da ƙarfe ɗaya, bai samu ba sai bayan la'asar, kuma shinkafa ce da aka zuba a robobi tun safe har ta huce ta daskare. Kafin mu kai Mashi tayar baya ta yi faci, da aka sauko da safaya sai aka tarar ita ma babu iska. Mun yi fiye da sa'a ɗaya a bakin titi kafin direba ya hau babur ya je ya dawo da mai faci. Tsakanin Katsina da Daura kamar kilomita 80 ne, tafiyar da ba ta isa ta gajiyar da kowa ba, amma sai bayan isha'i muka shiga gari. A halin da ake ciki na rashin tsaro, duk da cewa wannan ɓangaren na gabas ya fi yammacin jihar kwanciyar hankali, ba daidai ba ne a bar iyali da yara a kan hanya da dare saboda sakacin duba taya. Na faɗa wa shugabansu haka ido da ido, ya karɓa ba tare da musu ba, ya ce, "Malam, mun yi kuskure, a gafarce mu." Na yaba musu a kan abu ɗaya: tun farko sun ce ba sa kai kowa wajen dajin Rugu ko ƙauyukan Batsari da Safana da Jibiya, komai kuɗin da aka ba su, kuma ba su ɓoye dalili ba.

Masaukin Daura mai tsabta ne, akwai ruwa, an kuma tayar da janareta har tsakar dare. Ba ni da ƙorafi a kansa.

Da safiyar Lahadi muka je rijiyar Kusugu. An kewaye ta da gini, mai kula da ita ya buɗe mana, ya zura guga ya jawo ruwa, kowa ya sha. Ruwan yana da sanyi, kuma mutane suna zuwa da galan suna ɗiba don neman tabarraki. A nan jagoran ya ja da baya ya bar mai rijiyar ya ba da labarin da bakinsa: zuwan Bayajidda da dare, da tsohuwa Ayana da ta ce masa ba a samun ruwa sai ranar Juma'a saboda macijin da ake kira Sarki, da sare kan macijin, da auren Magajiya Daurama, da haihuwar Bawo wanda 'ya'yansa suka kafa Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, aka haɗa da Biram suka zama Hausa Bakwai. Yaran Legas sun yi tsit, ƙaramar tana leƙen bakin rijiyar tana riƙe da rigar mahaifinta. Bayan mun fito ne jagoran ya ƙara da cewa masana sun yi saɓani a kan labarin, wasu suna ganin yana nuni ne da sauyin mulki daga hannun sarakuna mata zuwa maza, wasu kuma suna ganin yana bayyana zuwan baƙi daga gabas da cuɗanyarsu da mutanen ƙasa. Bai faɗi wannan a gaban mai rijiyar ba, kuma na ga hikimar hakan. Mun tsaya a ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ya hau gadon sarauta a 2007, muka kalli zanen dagi a jikin bango, aka kuma gaya mana cewa wanda yake son ganin Daura a cikin adonta ya zo lokacin Sallar Gani.

Yanzu sai maganar hamada, wadda a kanta nake da babban gyara. A tallarsu sun sa hoton tuddan rairayi da raƙuma a jere, suka rubuta cewa za a kai mutum bakin Sahara. Wannan hoton ba na ƙasar Daura ba ne. Wanda yake son ganin irin waɗannan tuddai a Najeriya sai ya nufi Yusufari a jihar Yobe, wanda kuma yake son namun daji sai ya tafi Yankari a Bauchi. Abin da ke arewacin Daura, wajen Mai'aduwa har zuwa Kongolam a kan iyakar Nijar, inda hanya ta miƙe zuwa Matamaye da Damagaram, ƙasa ce ta jigawa mai rairayi, ana noma ta da gero da wake da gyaɗa, da itatuwa jefi-jefi. Ƙanena ya ji an yaudare shi da hoto, kuma yana da gaskiya. Abin da ya ba ni haushi shi ne ba su da bukatar wannan ƙarin gishiri, domin abin da suka nuna mana a zahiri ya fi hoton amfani.

Sun tsayar da mota a gefen wani shingen itatuwan bedi da aka dasa a jere don tare iska, muka taka cikin gona, ƙafa tana nutsewa a rairayi har idon sawu. A gefen da iska ke bugowa ƙasa ta taru a gindin itatuwan kamar an share ta da tsintsiya, a ɗaya gefen kuwa kunyoyin bara suna nan ba su baje ba. Na daɗe ina zana wa ɗalibai wannan a allo da alli, amma ban taɓa samun misalin da ya kai wannan bayyana ba. A tsakiyar gonar akwai wani babban gawo, kore shar a tsakiyar rani, awaki suna tsintar 'ya'yansa a ƙasa. Na karɓi bayanin daga hannun jagoran, da izininsa, na gaya wa yaran cewa gawo itace ne mai saɓa wa sauran itatuwa: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki, sa'an nan ya yi ganye da rani lokacin da dabbobi suke bukatar inuwa da abinci. Shi ya sa manomin kirki ba ya sare shi, kuma shi ya sa a yankunan Maraɗi da Damagaram manoma suka farfaɗo da gonakinsu ta hanyar barin tohon itatuwa ya girma a maimakon tumɓuke shi lokacin sassabe. Jagoran ya ƙara da cewa Katsina tana cikin jihohi 11 na Arewa da shirin nan na ganuwar itatuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tare kwararowar hamada. Mun kuma ga kututturan da masu itacen girki suka bari, wasu ɗanyu, ruwan itacen bai ma bushe ba. Da a ce sun sayar da wannan zango da sunansa na gaskiya, wato zuwa ganin yadda manomi yake kokawa da rairayi, da babu wanda zai koma gida da ƙorafi.

Kasancewar ranar kasuwar Mai'aduwa ce, mun ratsa ta kara muka ga shanu da raƙuma da tumakin da ake kawowa daga Nijar, muka sha fura da nono mai kyau a hannun wata Bafillatana, wadda ta fi duk abincin da kamfanin ya ba mu a kwana biyun.

Zangon ƙarshe shi ne madatsar ruwan Daberam. Gulaben wannan yanki na damina ne, da rani sai yashi, har ka ga mata suna tona rami a tsakiyar gulbi suna jiran ruwa ya tsattsafo su kwalfa da ƙwarya, saboda haka duk inda aka tare ruwa nan rayuwa take taruwa. A bakin madatsar akwai lambuna na tumatir da albasa da latas, injinan ban ruwa suna ta ƙugi, balbelu sun yi fari a gefen ruwa, masunta kuma suna fito da tarwaɗa da karfasa. Ruwan ya ja baya sosai, ya bar laka mai tsattsagewa. An yi mana tayin shiga kwalekwale, na tambaya ko akwai rigar kariya daga nutsewa, aka ce babu, sai na hana yaranmu shiga, wasu daga cikin abokan tafiyar kuwa suka shiga. Bai kamata kamfanin da ya karɓi amanar mutane ya bar wannan ga zaɓin baƙo ba, musamman ga mu da muka san yawan rayukan da haɗarin kwalekwale yake ci a Arewa. Ko dai su sayi rigunan su riƙa tafiya da su a mota, ko su cire shiga ruwa daga shirinsu gaba ɗaya. Mun sayi kifi aka gasa mana a wurin da ƙuli-ƙuli da yaji, muka yi sallar la'asar a kan tabarmar wani mai lambu, muka kamo hanya, muka shigo Katsina kafin magariba.

Wanda zai bi su ya tafi da ruwan shansa da ɗan guzuri, da rigar sanyi idan hunturu ne, da takalmin da zai iya taka rairayi da ƙaya, ya kuma nemi a tabbatar masa tun kafin ya biya cewa wannan jagoran mai karatun tarihi ne zai raka su, domin na ji suna da wasu, ban kuwa gwada su ba. Ga tsofaffi da masu jinya tafiyar tana da nauyi a yadda take yanzu. Ni dai na rubuta musu abubuwa huɗu a takarda na miƙa wa shugabansu hannu da hannu: su kiyaye lokacin tashi, su duba mota da safaya kafin ranar tafiya, su sauke hoton hamadar da ba tamu ba, su kuma nemo rigunan ruwa. Na gaya masa cewa idan suka yi waɗannan zan nemi izinin shugaban makarantarmu in kawo ɗaliban ajin ƙarshe su ga Durɓi ta Kusheyi da gawon nan na hanyar Mai'aduwa kafin jarrabawarsu. Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ce zai kira ni da zarar rigunan sun iso daga Kano.